Curin Shinkafa a Kan Hanyar Tsere

Nomizo Rikuo ɗan Nomizo Kihei ne, jikan Nomizo Gonzaburo, tattaɓa-kunnen Nomizo Yasuke, wanda shi ya fara kafa rumfar ɗinkin tabarma a ƙauyen Ozasa, cikin kwarin da ke tsakanin tsaunukan yamma da na gabas. Dukkan mutanen nan a durƙushe suka yi rayuwarsu, basilla a hannu, gwiwar hannu a kan ciyawa, kuma da wuya a sami ɗaki a Ozasa da ba a taka aikinsu a cikinsa ba. Ba a taɓa jin ɗayansu ya yi gudu ba, ko da ruwan sama ya tsuge masa a hanya. Kihei ma cewa yake yi babban mutum in yana gudu, to ko sata ya yi ko makara, kuma bai ga wanda ya fi wani kyan gani ba.

Rikuo shi kaɗai ne namiji a gidan, saboda haka tun kafin ya iya riƙe tsinken cin abinci an riga an san makomarsa. Shi zai gaji rumfa, shi zai gaji akwatin magabata, baƙin akwatin nan mai ƙofa biyu da ke tsaye a ɗakin ciki, inda ake jera allunan sunayen mamatan gida. Wanda akwatin ke ɗakinsa shi ne gidan Nomizo, sauran dangi kuwa masu zuwa gaisuwa ne. Kullum da safe akan ɗora shinkafa a gaban allunan, in ta huce a sauko da ita a miƙa wa magaji ya ci. Abin da aka sauko da shi daga gaban magabata ba a zubar da shi, ba a ajiye shi a ƙasa, wanda aka miƙa wa kuma ba ya mayar da hannun mai miƙawa. Rikuo ya girma yana cin shinkafa mai sanyi, mai ƙanshin turare.

Ya haura arba'in lokacin da bayansa ya riƙe, likita ya ce masa ya riƙa tattaki. Tattakin ya kai shi bayan maƙabarta, daga can ya ga hanyar masu saran itace, hanyar ta kai shi kan dutse. Kafin a ankara mai ɗinkin tabarma ya koma mutumin da ake gani da asuba, da gajeren wando da jaka a baya, yana haki a tsakanin gonakin shinkafa.

Ozasa ba ta ji daɗin abin ba. Tsofaffin da ke cire ciyawa sukan miƙe su kama ƙugu.

“Rikuo, wa ya biyo ka?”

“Ba kowa, Kaka.”

“To tsaya mana ya cim maka!”

Ya saba da wannan, bai kuma taɓa mayar wa kowa magana ba. Abin da ya sa a ransa shi ne tseren da ake yi daga tekun arewa zuwa tekun kudu, a ƙafa, ta kan tsaunuka, kusan mako guda mutum yana tafe da abincinsa da tantinsa a baya. Mutane kaɗan ake ɗauka, sai an gwada su an tace. Babbar dokar tseren ita ce mai gudu ba ya karɓar komai daga hannun kowa, ko kurɓin ruwa. Yana iya saye a kanti ko a bukkar matafiya, inda kowa ke iya saye, amma in ya miƙa hannu ya karɓi kyauta, nan take za a cire masa lamba daga ƙirji. Rikuo ya nema an mayar da shi, ya sake nema an sake mayar da shi. Akwai kuma iyakar shekaru, ga shi furfura ta cinye masa gefen kai.

Kihei ya rasu cikin hunturu. A nan wajibi ne a yi wa Fusae adalci, yayar Rikuo, wadda ke aure a hayin kogi. Ita ta yi jinyar tsohon, ita ke juya shi, ita ke wanke shi, ita ke shan zaginsa. Safiyar da ya cika, Rikuo yana kan dutse cikin ƙanƙara yana gwada sabon takalmi, sai dawowa ya yi ya tarar an rufe wa mahaifinsa fuska da farin ƙyalle. Fusae ba ta ce masa komai ba ranar. Ajiye abin ta yi a ranta.

Da bazara ta shigo sunan Rikuo ya fito cikin waɗanda aka ɗauka, a shekarar ƙarshe da doka ta ba shi. Tseren kuwa cikin makon Obon ake yinsa, makon da mamata ke dawowa gida, magaji ya ƙona ɓawon itace a bakin ƙofa domin su ga hanya. Wannan kuma shi ne zuwan Kihei na farko, wanda ake rataya wa farar fitila, dangi na nesa da na kusa su hallara.

Fusae ta zo da Genzo, ƙanin mahaifinsu, tsoho mai sanda da kunne ɗaya. Suka zauna a ɗakin ciki, a gaban akwatin. Tomie, matar Rikuo, ta kawo shayi.

Fusae ce ta fara. “Na ji a bakin mai awara wai sunanka ya fito. Na ce mata ƙarya ne. Ƙanina yana da ciwon gudu, amma ban san yana da ciwon kai ba.”

“Ya fito, Yaya.”

Genzo ya buga sanda a tabarma. “Kai, dube ni nan. Wa zai kunna wa yayana wuta? Mutum ya mutu, zuwansa na farko, ya iso ƙofar gidansa ya tarar da duhu, ɗansa yana can kan dutse da wandon ’yan firamare?”

“Tomie za ta kunna, Baffa.”

“Tomie! Tomie jinin Nomizo ce?”

Tomie ta ajiye butar shayi a hankali. “Ni dai, Baffa, ashana ba ta taɓa tambayata sunan ubana ba.”

“Ba da ke ake ba,” in ji Fusae, ba ta ko dube ta ba. Ta juya ga ƙaninta, muryarta ta yi laushi, irin laushin da Rikuo ya sani tun suna yara. “Mu ba azzalumai ba ne. Na ji hanyar taku ta gangaro daga tsaunin yamma, ta bi ta ƙofar gidan nan kafin ta hau na gabas. Ko ba haka ba?”

“Haka ne.”

“To mun yafe maka wutar. Je ka yi tsalle-tsallenka. Amma ranar da ka biyo ta nan, za mu sauko da abin da aka ɗora wa Baba, mu fito maka da shi har hanya. Ka ci, ka wuce. Shi ke nan ka karɓi ubanka.”

Rikuo ya dubi hannuwansa. “Yaya, dokar tseren ta hana. In na karɓi ko ƙwayar shinkafa daga hannunki, sun cire ni.”

“Na sani,” in ji ta.

Genzo ya kurɓi shayi ya goge baki. “To ka ji. In ka mayar da hannun yayarka, akwatin nan ya tashi daga gidan nan. Masanobu ɗan Fusae zai ɗauki sunan, ya ɗauki akwati. Shi dai ƙafafunsa suna zama wuri ɗaya.”

Da wannan magana a kansa Rikuo ya tsoma hannu cikin tekun arewa, kamar yadda masu tsere ke yi kafin a tashi, ya juya wa ruwa baya ya fuskanci tudu.

Mai kallo daga ƙasa yana zaton gudu ake yi. Mafi yawansa hawa ne da jan jiki, hannu a kan sarƙar da aka kafa cikin dutse, iska tana neman yage mutum daga jikin tsauni. Barci ɗan kaɗan ne, a gefen hanya, cikin tanti mai kaurin takarda, takalmi a ƙafa. Abincin Rikuo busasshiyar shinkafa ce da yake jiƙawa da ruwan sanyi cikin leda, ya ci yana tafe. Hazo ya rufe su a kan tsaunukan farko, ruwan sama ya biyo baya, waɗanda suka fi shi ƙuruciya suka fara zama a bakin hanya suna cire lambarsu da hannunsu. Tafin ƙafarsa ya yi bororo, bororon ya fashe, ya naɗe da filasta ya ci gaba. Rashin barci ya sa duwatsu suka riƙa zama masa tabarmi naɗaɗɗu, har ya kan tsaya ya ga ɗinkin bakin wata bai miƙe ba, ya kai hannu zai gyara, sai ya ji sanyin dutse.

Ruwan saman ya yi masa wata ɓarna. Ledar abincinsa ta huje, shinkafar ta jiƙe ta fara tsami, ya zubar da mafi yawanta, ya rage ɗan abin da bai cika tafi biyu ba. Bukkar ƙarshe a tsaunin yamma ya iske sun kashe murhu. Ya sa rai da kantin Ozasa. Sai da ya gangaro ya hangi ƙofar kantin a rufe, sannan ya tuna abin da ko yaro ya sani, cewa ba mai buɗe kanti a Ozasa ranar da mamata ke gida. Kanti na gaba yana can gindin tsaunin gabas.

Rana ta take, kwalta tana huci. Ya shigo garinsu yana ɗingishi, gemu ya tsiro, leɓe ya tsage, warin jikinsa yana riga shi isa. Hanyar ƙofar gidansu siririya ce, katangar gida a hagu, magudanar ruwan gona a dama. Tun daga nesa ya ga farar fitila tana lilo a ƙofa, ya ga baƙin toka inda Tomie ta ƙona ɓawo, ya ga dangi jere cikin baƙaƙen kaya. Maƙwabta ma sun fito, har da mai awara. Can gefe, a inuwar katanga, alƙalin tsere yana tsaye, wani siririn mutum mai tabarau da jan ƙyalle a damtse.

Fusae ta tako tsakiyar hanya, faranti na katako a hannu biyu. A kai akwai curin shinkafa uku, an lulluɓe su da jan wake mai zaƙi, irin wanda Kihei ke so. Ƙanshin ya bugi Rikuo, yawu ya cika masa baki har sai da ya haɗiye.

“Sannu da zuwa, jarumin gidanmu,” in ji Fusae. “Dubi yadda ka koma, kamar abin da kogi ya kawo. Baba ya ci nasa. Ga naka.”

Alƙalin ya matso, ya rusuna kaɗan. “Ku gafarce ni. Mai tsere, ina tuna maka doka.”

“Kai kuma ɗan gidan wa?” Fusae ta harare shi. “Ba ka da uba ne, ko naka a daji ake kunna masa wuta?”

“Ki yi haƙuri, Uwargida. Aikina ne.”

“Aiki! Tsayuwa a inuwa ana hana mutum cin abincin ubansa, wai aiki!”

Genzo ya ɗaga sanda. “Karɓi mana, Rikuo. Hannun yayarka ya gaji. Ko sai mai tabarau ya ba ka izini?”

Wani daga baya ya ce, “Ku bar shi, gudu yake ci yanzu.” Aka yi dariya, amma gajeriya.

Rikuo ya cire hularsa. Ya juya ya fuskanci ƙofar gida, inda ake hango ɗakin ciki a buɗe, hayaƙin turare yana tashi. Ya haɗa ƙafafunsa da ƙyar, ya sunkuya har jakar bayansa ta zamo masa kan wuya.

“Baba, sannu da zuwa,” ya ce.

Ya ɗago, ya sake sunkuya wa Fusae, hannuwansa manne da cinyoyinsa.

“Yaya, ba zan karɓa ba.”

“Sake faɗa, Baffa bai ji ba. Ka san kunne ɗaya gare shi.”

“Ba zan karɓa ba.”

Fusae ta daɗe tana dubansa. Sai ta yi abin da ba a taɓa gani ba a Ozasa. Ta sunkuya ta ajiye abincin magabata a kan kwalta, daidai tsakiyar hanya. Wata tsohuwa ta rufe baki da hannu. Genzo kansa ya ce, “Ke Fusae!”

“Ba ni na ajiye ba, Baffa, shi ya ajiye.” Ta ja da baya, ta tsaya tsakanin farantin da katanga. “To ga hanya. Tsallake. Ka tsallake jinyarsa, ka tsallake mutuwarsa, wannan ai ƙaramin tsalle ne.”

Rikuo ya dubi farantin. Taku ɗaya zai raba shi da shi. Ya dubi hagu, dangi sun cike wurin, ba wanda ya motsa. Ya dubi dama, ga magudana, ruwan gona mai laka yana gudu. Ya san abin da ruwa ke yi wa ƙafar da ta fashe, ya san sauran tafiyar da ke gabansa. Ya dafa bakin magudanar ya sauka. Ruwan ya kai masa gwiwa, ya shige takalmi, ya ratsa filasta ya sami ɗanyen nama, har idonsa ya kawo ƙwalla. Ya taka cikin laka ya wuce daidai farantin, kansa a sunkuye, sannan ya rarrafo ya hau kwalta daga can gaba.

Tomie ta ɗaga murya daga bakin ƙofa.

“Ka matse safar nan in ka sami wuri!”

Bai waiwaya ba. Ya mayar da hula, ya nufi tsaunin gabas, takalmansa suna fitar da ruwa.

Sauran tseren a kan waɗannan ƙafafu ya yi shi. Fatar tafin ta yi fari ta saɓule, farata biyu suka fita. Shinkafar nan mai tsami ita ta kai shi kanti na gaba. Ya haye tsaunukan gabas, waɗanda suka fi na baya tsawo da kaɗaici, sannan ya sauko kan doguwar kwaltar da ke kaiwa kudu, inda ba hawa ba gangara, sai zafi da motoci. Yana cikin na ƙarshe da suka iso. Masu shirya tsere sun fara naɗe tutoci lokacin da ya bayyana a bakin yashi, yana tafiya kamar mai taka garwashi. Aka tafa masa, baƙi ne duka. Ya wuce su ya tsoma hannu cikin tekun kudu, ya daɗe a tsugune.

A jirgin ƙasa ya dawo. Obon ya wuce, an sauke farar fitila. Tomie ta tarye shi a zaure, ta karɓi jakar ta riƙe nesa da hancinta.

“Sun zo da mota da limamin haikali, sun tafi da akwatin,” ta ce. “Masanobu ya buge ƙofa da gefen akwatin, Baffa ya zage shi. Wannan kaɗai na ji daɗi.”

Ya shiga ɗakin ciki. Tabarmin ɗakin duk sun yi ruwan ƙasa saboda shekaru da hasken rana, amma inda akwatin ya tsaya ciyawar tana nan kore shar, kamar jiya aka ɗinka. Aikin Gonzaburo ne, ya gane ɗinkin. Ya zauna a gaban koren wurin, ƙafafunsa a miƙe don ba su lanƙwasuwa.

Ozasa ta yanke nata hukuncin ba tare da taro ba. Gidaje da dama suka kai aikin tabarmarsu garin gaba. Tsofaffin gona suka daina tambayarsa wanda ya biyo shi, in ya wuce sai su ƙara sunkuyawa cikin ciyawa. Ya ci gaba da buɗe rumfa, ya ci gaba da fita da asuba bayan ƙafafun sun warke. Ranar tunawa da Kihei yakan haye kogi ya je gidan Fusae, ya cire takalmi a ƙofar baƙi, ya jira a ce masa ya shigo. In an sauko da shinkafa, Masanobu ake miƙa wa. Tomie ta ce ya sauya tabarmar nan mai kore, tunda sana'arsa ce, ya ce a bar ta, rana za ta yi aikinta.

Da kaka ta yi, Fusae ta zo gidan, karo na farko tun ranar hanya. Ƙaramin sandan da ake buga ƙararrawar akwatin da shi ne ya faɗa bayan ƙofa lokacin kwashe kaya, shi ta zo ɗauka. Ta ƙi zama, ta ƙi shayi. Ta iske Rikuo a rumfa, a durƙushe, yana jan zare. Ta tsaya a kansa, sandan a hannunta.

“Me suka ba ka a can bakin tekun?”

“Riga, Yaya. Da takarda.”

“Riga.” Ta yi tsaki. “Gidan mutum huɗu ka bayar aka ba ka riga. Ina so in ji da kunnena, Rikuo, ba a bakin mai awara ba. Loma ɗaya ce. Yunwa tana cin ka, da idona na gani. Don me?”

Rikuo ya soke basilla a jikin tabarma, ya ɗago ya dube ta.

“Yaya, tun da na buɗe ido abin da aka sauko mini da shi nake ci. Basillar nan sauko mini da ita aka yi, gidan haka, sunan ma haka, ban kuma raina ko ɗaya ba. Amma ’yar shinkafar da ke bayana ranar nan, duk tsaminta, ni na ɗauko ta, ina so in ga ko za ta kai ni teku. Da na ci ta Baba, da har in mutu ban sani ba.”